Basilin a Cikin Safar Hannu

A ɗakin tiyata ba mai kiranta da sunanta. Hannun Dama ake ce mata. Babban likita ne ya raɗa mata, don kafin ya buɗe baki ta riga ta ɗora masa almakashin da yake so a tafin hannu. Nas ce, mai miƙa kayan aiki. Ta yi shekara da shekaru tsaye a gefen gadon nan, ƙarƙashin fitilar nan mai zafi, kuma in ka raba ta da wurin, to ka gama da ita. Mijinta ya rasu tuntuni, daga ita sai mahaifiyarta, Mama, a ɗaki biyu a saman bene.

Kafin a shiga aiki, kowa sai ya tsaya bakin famfo ya dirje hannu da buroshi da sabulun aidin, tun daga farce har gwiwar hannu. Ta yi haka sau ba adadi, lafiya lau. Rana ɗaya kawai fata ta ce ta gaji. Ƙaiƙayi ya fara tsakanin yatsu, sai ja, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai tsagewa. Ko ruwan wanki ta taɓa sai ta cije leɓe.

Ta san doka sarai, ita ce ma mai koya wa sababbi: mai rauni a hannu ba ya shiga tiyata. Amma sai ta ɓoye. Ta riƙa riga kowa zuwa famfo, ta juya baya, ta zura safar hannu da sauri. A ɗakin shan shayi kuwa hannu cikin aljihu, har abokan aiki suka fara tsokanarta wai girman kai ya zo, ko kofi sai an ɗaukar mata.

Mama ce ta kama ta, ranar da ta kasa matse tsumma. Tsohuwa ta riƙe hannun ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ai hannun mai fasa dutse ne, ba na ma'aikaciyar asibiti ba. Ta ɗauko kwalbar basilin, tana faɗa tana shafa mata. Raɗaɗi ya lafa. Washegari Hannun Dama ta jefa kwalbar a jaka.

Ta san man basilin yana cin robar safar hannu. Ta sani fa! Amma da sabulu ya shiga tsagar nan, tunani ya gudu. Ta lakaci kaɗan ta shafa, ta ce wa kanta ai kaɗan ne.

Ana tsakiyar yi wa wata mata aikin ƙari a ciki, ta miƙa allura, sai ta ga ɗan yatsanta a waje. Roba ta dare, fata ja tana naso. Likita bai gani ba. Ba wanda ya gani. Ta dubi cikin matar a buɗe, ta ja da baya.

"Dakta, a canja ni," ta ce. "Duk abin da na taɓa a sauke shi."

Bayan an fito, Matiron, shugabar nas-nas, ta sa ta buɗe hannuwan a kan tebur, ta tambaye ta tun yaushe. Ta ce an kwana biyu.

"Ke da kike koya wa yara?" Matiron ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Matar da aka yi wa aikin ta warke sumul. An gwada wa Hannun Dama wani sabulun mai ruwan hoda, shi ma fata ta ƙi. Sai aka mai da ita teburin bakin ƙofa, tana nuna wa masu jinya hanyar ɗakin magani da ta banɗaki.

Hannu ya warke tas. Mama sai murna, tana juya shi tana cewa ya dawo kamar na jariri, ai gara haka. Ita dai gari na wayewa sai ta koma teburinta. In an turo gado, ƙofar tiyata ta buɗe, warin aidin ya fito, sai yatsunta su fara motsi a kan tebur, ba komai a cikinsu.

Rannan babban likita ya zo wucewa, sabuwar nas na biye da shi. Ya tsaya ya gaishe ta da mutunci, ya kira ta da sunanta na yanka. Ba ta ɗago ba, sai da ya maimaita.