Ramin da Mushe Idi Yake Bin Alhaji

A shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Yamai bayan rigimar tazarce, shekarar da hatsi ya yi ƙaranci a Kurfai, ƙungiyar manoman gero ta nan Filinge ta samu na'urar da ake kira sarbar. Taubashina Idi, ɗan kawuna, wanda muke ce wa Mushe yadda ake kiran ɗan boko da faransanci, shi aka damƙa wa ita. Ku da kuka san shi ba sai na faɗa muku ba, ba ya shiga ɗakin na'urar nan da takalmi, kuma sai ya yi sallama. Har shugaban ƙungiya, Alhaji Saini, sai da Idi ya sa shi ya tuɓe nasa takalmin.

"Idi, masallaci ne?"

"A'a Alhaji. Masallaci ai ba ya lalacewa in ƙura ta shiga mishi ciki."

Aikin na'urar shi ne ta riƙe shafin intanet mai nuna farashin gero a kasuwannin Filinge da Baleyara da Sanam, don masu kula da rumbunan ƙauyuka su san inda za su sayo. Ni kuwa, da yake karatun allo na yi, ni na rubuta bayanin shafin da ajami saboda manoman da ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na buɗe rubutun da bisimilla, yadda aka koya mana.

Idi ya taɓa yi mini bayanin cikinta. Ya ce kamar gida ne mai ɗakuna, kowane ɗaki sunansa modil. Wani na kawo farashi, wani na riƙe da ajamina, wani na buɗe shafin ga jama'a. Ana iya tada ɗaya ko a kwantar da shi ba a taɓa sauran ba, amma wanda bai samu abokin aikinsa ba sai ya zauna ya ƙi tashi. Shi ya sa Idi ya tsani a ce masa ya kashe ya kunna. Wani ma'aikaci daga Yamai ya taɓa ba shi wannan shawara ta waya.

"Kai yaro," in ji Idi, "in akuyarka guda ta yi tari, garke duka kake yankawa?"

Ga shi da ajiya! Idi bai taɓa yar da komai ba. Allon maɓallansa haruffa sun goge, ya manna ƙyallen farin yadi ya sake rubuta su. Na ce masa, "Bawana, ko ƙashin kifi ka samu sai ka yi mai akwati." Ya ce in na mutu ma zai ajiye carbina, don ya san bai sha aiki ba.

To, ana cikin wannan yunwa aka aiko cewa wani kaftin zai zo bayan la'asar ya ga shafin da idonsa. Jajibirin zuwansa aka turo sabon modil na ajami daga Yamai, wanda aka gyara wa haruffa. Idi ya saka shi. Da safe aka buɗe shafi, sai fari fat da 'yan lambobi masu cewa ba a same shi ba.

Alhaji Saini ya tara mu a bakin ɗakin. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce in kaftin ya zo bai ga komai ba, a motarsa za a ɗora na'urar zuwa Yamai, Idi kuma ya nemi wani aikin. Duk mun san Idi ba shi da gona, ga iyali.

Hantsi ya yi, azahar ta gabato. Idi na zaune yana bin modil ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mai farashi ya tashi. Mai buɗe shafi na zaune, ya ƙi. Bayan sallar azahar ya ja ni gefe.

"Malam Hamidu, na gano ciwon."

"To alhamdu lillahi! Gyara mana."

"Limamai biyu ne a sahu guda. Tsohon modil na ajami shina nan, ga sabo, sunansu ɗaya. Mai farashi ya bi sabo, mai shafi ya bi tsoho. Ba su haɗuwa."

"Ka kwantar da tsohon."

"Na kwantar. Ko kwance yake, ana ganinai, ana bin shi. Sai an goge shi ɗungum."

"To goge mana!"

Ya dube ni kamar na zagi kawu. "Da bisimilla a ciki? Da hannuna?"

Ashe tun safe ya san maganin. Alhaji ya jiyo mu, ya shigo da takalminsa, karo na farko, Idi bai ko lura ba.

"Malam, kai ne mai karatu, yi mishi magana kafin in yi abin da za ni yi da-na-sani!"

Na gyara zama na ce, "Idi, kullum muna wanke allo mu sake rubutu. Babu laifi."

"Ruwan wankin kuna sha, ko ku zuba wuri mai tsarki. Wannan in na goge, ina yake zuwa?"

Na yi shekaru a gaban malamai, ba wanda ya karantar da ni wannan babin. Can muka ji ladan ya kira la'asar. Wani ya leƙo ya ce an ga motar sojoji ta wuce tasha. Duk da haka Idi bai kai hannunsa ga maɓallan ba. Na san halinsa, zai yarda a kore shi.

Sai Allah ya kawo mini tunanin tsoffin takardun karatu da suka yage. Ba ma jefar da su, binnewa muke yi. Na ce ya kawo 'yar kile ɗin da yake ɗaukar abubuwa daga na'ura zuwa na'ura, ya kwashe tsohon modil ya zuba a ciki, mu binne ta.

"Malam, ai a cikin injin, kwashewa da gogewa..."

"Kada ka gaya mini abin da inji yake yi a cikinsa! Kai dai yi niyyar kwashewa."

Sai Idi ya ce, "Wa zai haƙa ramin?"

"Ni!" in ji Alhaji. "Na rantse ni za ni haƙa da hannuna, kai dai taɓa abin nan!"

Idi ya yi bisimilla, ya kwashe. Aka buɗe shafi. Fari fat! Alhaji ya dafe bango. Muna jin ƙarar mota a ƙofa. Idi ya ce, "Ba su san limami ya tahi ba, sai an sake tsai da sahu." Ya buga wani umarni. Modil suka shiga tashi ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya tashi kaftin na sallama. Farashin Baleyara ya fito, ajamina a samansa. Kaftin ya duba, ya yi tambayoyinsa, ya gyaɗa kai. Na'ura ta kwana a Filinge, Idi ya kwana da aikinsa.

Rami kuwa, Alhaji ya mai da shi wasa. Idi ya ƙi haƙawa, ya hana kowa haƙawa. Ya ɗinke kile ɗin a cikin fata kamar laya, yana yawo da ita a aljihu. Mulki ya koma hannun farar hula, aka canja na'ura, su biyun suka yi furfura, amma duk inda suka haɗu, a kasuwa ko wurin suna, gaisuwar ɗaya ce.

"Alhaji, ramina."

"Gobe, Mushe."

Da ciwo ya kwantar da Idi, wata safiya sai ga Alhaji da fartanya a kafaɗa, yana dogara sanda. Muka fito da Idi muka jingina shi a tabarma a gindin gawon da ke bayan gida. Alhaji ya durƙusa da ƙyar, yana sara yana haki. Da ya gaji ya ɗago kai.

"Ya isa?"

Idi ya leƙa ramin. "Ƙara zurhi, Alhaji. Awaki na tono."

Alhaji ya ƙara, yana dariya hawaye na zuba. Idi ya miƙa masa layar da hannunsa, na yi addu'a, aka mai da ƙasa. Sannan ya kama hannun Alhaji ya ce, "Mun rabu lahiya." Idi bai ga kakar shekarar ba.

Ya Allah, bawanka Idi ya ji nauyin sunanka har a inda ido ba ya gani. Ka ji ƙansa, ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa wa iyalinsa asiri. Amin.