Sunan da Tsohuwar Koriya Ta Tambaya

Mun tashi da asuba daga tashar jirgin ruwa ta St. George ranar sha biyar ga Agusta, ni da 'yata. Sai da na yi mata magiya ta yarda ta biyo ni. Wata mai zuwa za ta tafi jami'a, ni kuma ina ji tana sulluɓe mini kamar sabulu a hannu. Jirgin ruwan kyauta ne, abu ɗaya tak da garin nan ke ba talaka bai caje shi ba. Daga nan muka hau jirgin ƙasa har unguwar Flushing, a tsaye, hancina a hammatar wani ƙato.

Wanda ya gayyace mu bikin ƙasarsu ɗan Koriya ne, mai ba ni sarin huluna a titin Canal. Zauren taron cike da tsofaffi, kowa da 'yar tuta a hannu. Ya ce a rana irin ta yau, a 1945, mulkin Japan a ƙasarsu ya faɗi, suna ce mata ranar dawowar haske. Sai dai nan take aka tsaga ƙasar gida biyu, dangin ubansa na arewa har yau shiru. Aka ɗaga hannuwa aka yi kuwwa sau uku, sannan aka kawo taliya cikin romo da ƙanƙara. Ƙanƙara fa! Wani kabeji mai yaji da aka haɗo da ita ne ya cece ni.

Mai gayyatar tamu ya kai mu gaban mahaifiyarsa, tana kan keken guragu, yana fassara mana. Ta ce tana yarinya aka ƙaƙaba wa gidansu sunan Japan, malami na dukan duk wanda ya yi yarensu a aji. Uwarta takan raɗa mata sunanta na gaskiya a kunne in tana taje mata kai. Sai tsohuwar ta tambayi 'yata sunanta. Yarinyar nan ta buɗe baki ta faɗi wani guntun sunan Turawa da ban taɓa ji ba. Ashe da shi take amsawa a makaranta tun tuni.

Wallahi raina ya ɓaci. A jirgin ruwan dawowa na kasa daurewa.

"Ummi, sunan mahaifiyata kika yar?"

Ta amsa da Turanci, ko ɗar. "Baba, kai ka taɓa kirana da shi?"

A gidanmu na Maraɗi ba ka kama sunan uwarka, ko a kan 'yarka yake, shi ya sa nake ce mata Ummi. Ladabi ne, haka na tarar. To ladabin nawa da kunyar tata sun haɗu, suna ya rasa mai kira.

Da muka sauka ta yi gaba cikin jama'a. Na cije, na kira sunan da ƙarfi. Ba ta waiwayo ba, kuma ba taurin kai ba ne, kunnenta bai san sunan a bakina ba.

Ga abin da tafiyar ta koya mini: su mutanen Koriya ƙwace musu suna aka yi, shi ya sa suke da ranar da aka dawo musu. Mu ba wanda ya doke mu, to wa za mu kora?