Jan Fenti a Bangon Barakatu

Barakatu shekarunta sittin da ɗaya, mijinta ya rasu, kuma gidanta ne na farko idan aka shigo lungun masu tsire a unguwar Sa'alaba, kudancin Jidda. A Jidda aka haife ta. Mahaifinta mutumin Damagaram ne, ya taho aikin Hajji a ƙasa, ya yi shekara shida a hanya yana tsintar auduga a Sudan, da ya iso kuma bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin Damagaram ba, amma Hausarta ta can ce, sai ɗan Larabcin da ke faɗowa a tsakiyar magana.

Mijinta Muntaka ya gina gidan a 1976, ɗaki huɗu da ɗan tsakar gida, a fili da babu takardarsa. Daga baya shi da iyalinsa suka samu katin zama 'yan ƙasa, aka kuma sa musu mitar wuta. Sana'arsa tsire ce a kasuwar Bab Makka, ita kuma take daka masa yaji. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da dakan. Har yau kusan duk mai tsiren da ke yankin daga wurinta yake sayen yaji, kuma kullum da hantsi tana bakin ƙofarta da turmi da taɓarya, tana ganin duk abin da ya nufo lungun.

Wannan zaman bakin ƙofa ne ya ba ta aiki na biyu. Gida goma sha ɗaya ne a lungun, kuma fiye da rabin masu kwana a cikinsu Umra ko Hajji suka zo suka zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu kafili mai tsaya musu. A 1983 jami'an jawazat, masu kama marasa takarda, suka shigo da rana tsaka suka tafi da mutum bakwai. Akwai wata Tani a cikinsu, tukunyarta tana kan wuta. Bayan wannan ne mutanen lungun suka yi dabara. Aka kira mai walda ya yanka wa kowace ƙofar ƙarfe ɗan rami kusa da mariƙin kwaɗo, daidai shigar hannu. Mutum yana ciki sai ya zuro hannu ya datse kwaɗon ta waje. Wanda ya zo zai ga gida a kulle, ya ɗauka ba kowa. Alamar kuwa a hannun Barakatu take: da ta hango motar gwamnati, sai ta buga taɓarya sau uku a jikin tukunyar gas. Shekara ashirin da takwas ana haka, ba a sake ɗaukar kowa daga cikin gida ba.

A farkon 2011 ruwa ya sake cin Jidda. A lungun ya kai ƙugu. Bangon Barakatu na gabas ya tsage daga sama har ƙasa, ana hango hasken waje ta ciki. Luba, wata 'yar Kano da ta zo Umra shekara bakwai da suka wuce, wadda ke zaune a ɗakin ƙuryar gidan Barakatu tana sana'ar guga, ta zame a cikin ruwan ta karye a cinya.

Wata Lahadi, bayan makonni uku, farar mota mai tambarin gwamnati ta tsaya a bakin lungun. Maza huɗu suka fito da takardu. Barakatu ba ta tsaya tunani ba, ta buga sau uku. Lungun ya yi tsit, sai ƙarar kwaɗuna ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ta ja turminta ciki ta datse nata, don katinta ba zai kare Luba ba. Mutanen suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasawa, suna sallama. Babu wanda ya amsa. Ta ji wani abu yana fesawa a jikin bango, sannan motar ta tafi.

Da la'asar 'yarta Zakiya ta dawo daga asibitin da take aikin wanki. Ta tsaya a waje ta daɗe, sannan ta shigo da wata takarda da ta ɓamɓare daga ƙofa.

"Ummi, wa ya buga gas yau?"

"Wa ke bugawa? Ni ce. Alhamdu lillahi, ko mutum ɗaya ba su samu ba."

"Ba jawazat ba ne, ya ummi. Kwamitin gyaran gidaje ne."

Ta karanta mata da Larabci, tana juyawa da Hausarta mai tuntuɓe. Gwamnati ta ware kuɗi don gidajen da ruwa ya lalata. Gidan da aka samu mutane a ciki, za a gyara shi. Wanda aka samu ba kowa kuma bangonsa yana da haɗari, za a rushe shi bayan kwana talatin. Barakatu ta fita ta duba. Jan fenti ne a bangonta, gicciye babba da lamba a ƙasansa. Haka yake a gidajen duka goma sha ɗaya.

Washegari ta yafa abayarta ta tafi wurin umda, wato mai unguwa, Abdulghaffar. Tare suka yi wasan ƙasa. Kakansa ma mutumin Katsina ne.

"Sau biyu ina sanarwa bayan Juma'a, Barakatu," in ji shi. "Sau biyu."

"Ni Juma'a nake zuwa? Mazan lungunmu kuwa ana sallame salla suke sulalewa. Wa zai tsaya jin sanarwa?"

"To ga shi. Muhandis, injiniyan nasu, ya ce mini bai taɓa ganin lungun da mutanensa suka gudu suka bar wanki a kan igiya ba."

"Ka dawo mini da su, Abdulghaffar."

Ya yi waya a gabanta, ya yi ta roƙo, yana cewa mutanena ne, jahilci ne ba taurin kai ba. Da ya ajiye wayar ya ce za su dawo ranar Talata ta sama, da ƙarfe goma na safe, sau ɗaya tak.

"In suka sake ganin kwaɗo, halas, magana ta ƙare. Ko ni ba zan sake buɗe baki ba."

"Takardun mutane fa?"

"Ya ce bango ya zo dubawa."

"Ka rantse."

"Zan rantse a kan abin da ya faɗa mini. Ba zan rantse a kan abin da ke zuciyarsa ba."

Da wannan guntuwar magana ta koma, kuma da ita ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tsawon mako. Wasu suka ce to. Wasu suka ce za su tafi unguwar Ammariyya wurin dangi su wuni, ta ce musu gidan da ba kowa sunansa kango, dole a bar mutum a ciki. Wanda ya fi ba ta wahala shi ne Bawa, tsohon mai tsire da ke gida na shida. Shekararsa talatin da huɗu a Jidda ba takarda, kuma da hannunsa ya ɗora bulon ɗakunansa biyu.

"Hajiya, ke da bakinki? Ke kika koya mana kullewa."

"Ni ce. Yanzu kuma ni ke ce maka ka buɗe."

"Kina da kati a jaka. In abin ya ɓaci, ke shayi za su ba ki. Ni jirgi za su ba ni."

"Malam Bawa, in ba ka buɗe ba katafila za su ba ka."

"Gara katafila. Katafila ba ta kai mutum Kano. Wa na sani a Kano yanzu? Duk suna maƙabarta."

Ta san ba ƙarya ya yi ba.

Luba ita ce ba ta yi musu ba. Tana kwance da ɗaurin karaya, ba ta iya kai kanta ko bayi sai da sanda. Ta ce, "Inna, ki buɗe kawai. Gidanki ne. Shekara bakwai kina rufa mini asiri, ba zan zama sanadin rushe shi ba." Barakatu ta ce mata ta yi shiru. 'Ya'yan Luba uku suna Kano wurin kakarsu, kuma da gugar nan suke ci.

Ranar Talata tun ƙarfe tara Barakatu ta fito da turminta kamar kullum. Zakiya ta ɗauki hutu, tana tsaye a bayanta da takardar mitar wuta, shaidar gidan kaɗai da suke da ita, a cikin leda. Ƙofofin lungun a buɗe suke, amma rabi-rabi, kuma a kowane rami akwai hannu a kusa. Kowa ita yake kallo. Ta zuba citta da barkono a turmi, ta kasa dakawa.

Goma da kwata farar motar ta shanyo kwana. A bayanta akwai motar 'yan sanda.

"Ummi," in ji Zakiya.

Barakatu ta ji hannunta ya ɗaga taɓaryar da kansa. Tukunyar gas tana nan gefen ƙafarta ta dama, inda take shekara da shekaru. Umda bai ce da 'yan sanda ba. In ta buga, cikin ƙiftawar ido lungun zai rufe, ba za a ɗauki kowa ba, kuma nan da makonni uku babu gida ko ɗaya. In ba ta buga ba kuma ya zama kame ne, ita ce ta bi mutane har ɗakunansu ta ce su buɗe. Ta tuna Tani da tukunyarta. Daga gida na uku wata mata ta yi raɗa da ƙarfi, "Hajiya, buga mana!"

Ta sauke taɓaryar a hankali, ta kwantar da ita a ƙasa inda kowa zai gani, ta miƙe tsaye.

Can ƙasan lungun aka ji ƙarar kwaɗo. Sai kuma wani. Ba ta waiwaya ba.

Umda ne ya fara fitowa daga farar motar, yana share gumi. Ya matso ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Rakiya ce. An jefe su da dutse a wata unguwa jiya. Wallahi sai da safen nan na sani." 'Yan sandan biyu ba su kashe motarsu ba, ba su kuma sauke gilashi ba.

Muhandis ɗin saurayi ne mai tabarau. Ya gaishe ta, ya kira ta khala, wato inna, ya nemi izinin shiga. Ya sa yatsa a tsagar bangon, ya auna, ya ɗauki hoto. Ya duba takardar mita. Ya leƙa ɗaki na farko, na biyu, na uku. A ƙofar ɗakin ƙurya ya tsaya.

"Nan fa?"

"Mara lafiya ce."

"Sai na ga rufin."

Barakatu ta ɗaga labulen. Luba tana zaune a bakin katifa, ta sa hijabinta, ta ɗaure kayanta a ɗan ƙunshi ta ɗora a cinya, takalminta a ƙafa ɗaya. Ta riga ta shirya tafiya. Saurayin ya kalle ta, ya kalli ƙunshin, sannan ya ɗaga kai ya kalli katakon rufin da ya ruɓe.

"Salamtik," ya ce mata, wato Allah ya sawwaƙe. Ya juyo ga Barakatu. "Mutum nawa ke kwana a gidan?"

"Biyar."

Ya rubuta biyar. Bai tambayi suna ba. A waje ɗaya daga cikin mutanensa ya girgiza gwangwanin fenti, ya shafe jan gicciyen da kore.

Gida tara aka buɗe a ranar. Biyu suna kulle, ɗaya na wasu 'yan Maraɗi, ɗaya na Bawa. Barakatu ta je da kanta ta tsaya a ƙofarsa, muhandis yana jira a bayanta yana duba agogo.

"Malam Bawa, ni ce. Sun shiga gidana sun fito, Luba tana nan. Buɗe don Allah."

Tana jin numfashinsa ta ramin ƙofar. Tana ganin inuwar motar 'yan sandan a bakin lungu, ta san shi ma yana ganinta ta wannan ramin. Ta kira shi sau huɗu. Muhandis ya ce, "Yalla, ya khala, muna da lungu shida a gaba."

A watan Afrilu katafila ta zo wa gidajen biyu. Bawa ya kwashe kayansa tun kafin ranar, ya koma Ammariyya wurin wani tsohon abokin sana'arsa. Har yanzu yana zuwa sayen yaji duk Alhamis. Yana gaishe ta, tana amsawa, ba ya kallon ƙasan lungun. Sau ɗaya ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Bari, Hajiya. Kunnena bugu uku ya sani. Da na ga motar, ban jira ki ba."

Aikin gyaran ya ɗauki wata biyar, da tsayawa sau biyu. An rushe bangon gabas an sake gina shi da ƙarfe a ciki, an canja rufin ɗakin Luba, an ɗaga dokin ƙofa don ruwa. Luba ta warke, tana ɗingishi, ta koma gugarta, har yanzu babu iƙama. A ƙarshe ma'aikatan suka cire tsohuwar ƙofar da Muntaka ya sa, suka kafa sabuwa, shuɗiya, sumul, irin wadda aka ba sauran gidaje takwas.

Ranar Asabar da ta wuce Barakatu ta aika aka kira mata mai walda. Zakiya ta ce, "Ummi, haram, sabuwar ƙofa ce." Barakatu ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙarfen, kusa da mariƙin kwaɗo, ta ce wa mutumin ya zana daidai faɗinsa, ya yanka.