Matsirgar Ruwa da Kunyar 'Yar Fari

Wan mijina ne ya kawo maganar jirgin ruwa, kuma ya kawo ta yadda yake kawo kowace magana a zuriyar: sai ya gama yanke hukunci, sannan ya tara mutane shawara. A shekarar ne aka ƙara masa girma a kamfanin gine-ginen da yake aiki, ya koma wani faffaɗan gida a unguwar Al-Shifa da ke Riyad, ya fara cusa "ya'ani" a tsakiyar kowace magana. Abokan aikinsa Larabawa sun je yawon teku da iyalansu sun dawo da hotuna. To shi ma dole ya je, kuma dole mu raka shi don a sami shaidu.

Mu a unguwar Al-Badi'a muke, ni da maigidana da yaranmu uku. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka tafi gidansa. Surukata Hajiya tana can, ta zo Umara ta tsaya hutawa wurin 'ya'yanta. Aka ci shinkafar kabsa, aka kawo gahawa da dabino, sai Yaya, don haka muke kiransa, ya haɗa wayarsa da talabijin ɗin falo, wanda ya kusa kai ƙofar gareji girma.

Jirgin daga Turkiyya zai tashi, ya riƙa tsayawa a garuruwan bakin teku. Duk inda ya tsaya, fasinjoji kan sauka su yi yawon yini su dawo, kuma tun daga gida ake zaɓar inda za a je. A wata tasha akwai matsirgar ruwa biyu. Ta farko mota ce za ta kai ka, ka taka gadar katako mai makari, ka tsaya ka kalli ruwa yana zubowa daga kan dutse, ka sha shayi ka koma. Ta biyu a cikin kwazazzabo take. Sai an bi ta cikin ruwa kafin a kai gare ta, wani wuri iya gwiwa, wani iya ƙirji, wani kuma ƙafa ba ta taɓa ƙasa. A ƙasan hoton an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ta waɗanda suka iya iyo ce.

Yaya ya nuna ta farkon da leɓe ya ce, "Wannan ta tsofaffin Turawa ce. Mu 'yan bakin kogi ne, ya'ani, ruwa gadonmu ne. Ta biyun za mu."

Gaskiya ne a Yawuri aka haife su. Amma in zama kusa da kogi ne ke koyar da iyo, da duk maƙwabcin masallaci ya zama liman. Maigidana da bakinsa ya taɓa faɗa mini cewa suna yara, in suka dawo gida da jiƙaƙƙen bakin wando, sai Hajiya ta zane su. Duk zamana a Riyad, ruwan da na san Yaya da shi na wanka ne da na alwala. In aka yi ruwan sama a garin, shi ne farkon mai turo saƙo cewa kada kowa ya bi ta ƙarƙashin gada. Amma dokin mai baki ya fi gudu. Matarsa, faccalata, tana gefe tana gyaɗa kai, har ta fara lissafin kalar kayan ninkayar da za su fi fitowa a hoto. Ita ma ban taɓa ganin ta tsallake ko kwata ba tare da salati ba.

Da a kansu kaɗai abin zai ƙare, da na ci dabinona na yi musu fatan alheri. Amma 'yata ta fari tana zaune a kan kafet kusa da ƙafata, kuma na ga yadda ta ƙanƙame gwiwoyinta. Shekararta goma sha ɗaya lokacin. Shekara biyu kafin nan mun kama istiraha, irin gidan shaƙatawar nan na bayan gari mai wurin ninkaya, santsi ya ɗebe ta ta faɗa wajen mai zurfi. Ni na cafko gashinta na jawo ta. Tun daga ranar ko wanka take yi ba ta yarda ruwa ya rufe mata fuska.

Kowa a falon ya san wannan. Ni ce dai ba ni da bakin faɗa. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yaba shi, ba ta tare masa faɗa a gaban manya, balle a gaban uwar miji. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi, har ina jin daɗi in an ce ina da alkunya. Tun haihuwarta ban taɓa kiran sunanta ba. Daga "ke" sai "'yar Hajiya". Ita kuwa a Riyad aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, kuma a makarantarsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa don girmamawa.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali da Larabci, "Yumma, ki gaya musu."

Yaya ya ji. Ya yi dariya ya ce, "Me za a gaya mana? Ke ma tsoron kike mata?"

Na sunkuyar da kai na ba da amsar da aka koya mini. "Ni me na sani, Yaya? Ai 'yarku ce."

Hajiya ta yi murmushin gamsuwa. Yarinyar kuwa ta janye jikinta daga ƙafata. Kaɗan ta matsa, amma na ji shi har cikin raina.

Sai na bi ta bayan gida, yadda muka saba. Na ce gwiwoyin Hajiya ba za su iya kwazazzabo ba. Yaya ya ce Hajiya za ta zauna a jirgi, akwai shayi kyauta. Na ce ni ba zan shiga ruwa da abaya ba. Faccalata ta ce ai akwai kayan ninkaya masu rufe jiki har idon sawu, za ta raka ni kasuwa. Na juya na kafe maigidana da ido. Bawan Allah ya duƙufa yana nazarin ƙwallon dabino kamar a nan aka rubuta masa arzikinsa. A gida zaki ne, har direbobin Riyad yake yi wa tsawa gilashi a rufe, amma a gaban wansa ko tari sai ya nemi izini.

Yaya ya kishingiɗa ya ce, "Wannan duk shagwaɓa ce ta 'ya'yan Saudiyya. Akwai rigar da ke hana nutsewa. In mun isa wurin mai zurfin, ni da kaina zan ɗaga ta in jefa. Haka aka koya mana."

Aka yi dariya, har da ƙannenta da ba su san abin da ake yi wa dariyar ba. Na dubi mutumin nan da tumbinsa da carbinsa, mutumin da in ya ga kududdufi sai ya sauya titi, wai shi zai jefa mini 'ya a ruwa don ya nuna wa abokan ofis hoto. Raina ya ɓaci ƙwarai. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, ban taɓa gane ta ba sai ranar.

Na buɗe baki na kira sunanta. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ya fito mini baƙo-baƙo a harshe.

Na ce, "Taso ki zauna nan kusa da ni. Yaya, ba za ta shiga ruwan nan ba. Tsoronsa take ji, ni ma ina ji mata. Ni da ita gada za mu."

Faccalata ta riƙe haɓa. Yaya ya ce, "Ikon Allah. Zaman Saudiyya ya fara aiki." Maigidana dai bai gama da ƙwallon dabinonsa ba. Hajiya ta kawar da kai gefe, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Yarinyar ta taso ta zauna a jikina.

Da muka tashi tafiya na durƙusa yi wa Hajiya sallama, ina jiran abin da zai biyo baya. Ta bari sai da kowa ya fita tsakar gida, sannan ta damƙi wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ta ce, "Kin zubar da kunya yau."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Ta dubi ƙofar da Yaya ya fita. Sai a lokacin na tuna shi ne nata na farin.

Ta rage murya ta ce, "Wancan ma bai iya ba. Ko kusa. Tunda bakinki ya riga ya buɗe, ki ƙara da shi."

Na ƙara da shi kuwa, washegari ta waya, ban rage komai ba. Ya yi ta faɗa, daga baya ya sanar da zuriya cewa ya sake nazari, ya zaɓi gada saboda lafiyar Hajiya. Da muka je, ɗan bakin kogi bai ko kusanci makarin gadar ba, wai feshin ruwa zai ɓata masa waya.

Ni da yarinyar muka taka har tsakiya, tana riƙe da abayata. Ƙarar ruwan ta cika ko'ina. Ta miƙa wuya ta yi mini magana a kunne, da Hausarta mai tsallake-tsallake.

"Yumma, na ɗauka kin manta shi ne."

Na ce, "Me?"

Ta ce, "Sunana. Ki sake faɗa."