Alewar da Baffa Ya Gatsa

Koki

Ana idar da sallar asuba Goggo Binta, ƙanwar mahaifina, ta miƙo mini gwangwanin da zan kai. A ciki akwai ɗan naman da likita ya yanko daga ƙullutun ƙirjinta, an daskarar da shi cikin farin kaki, bai fi kwalin ashana ba. Za a duba shi a ɗakin gwaji a ga wace alama kansar, wato ciwon dajin da ke jikinta, take ɗauke da ita, don a zaɓi maganin da zai same ta daidai. Shi kaɗai ne, ita kuwa ta rantse ba mai sake yankar ta. Amma Goggo ba ta aike hannu rabbana, ba ta kuma son dangi su ji ciwon, sai ta binne shi cikin alewar madara, wai tsarabar masu gwaji.

Dukawuya

A daidaita sahu na hau, ya yi ta wujijjiga ni a lunguna har ƙofar gidan yayanta, Baffa Sule, mai motar da zai rage mini hanya. Na ce masa ofis zan leƙa. Baffa yana da ciwon suga, an hana shi zaƙi, shi ya sa ko gaisuwata bai amsa sosai ba, gwangwanin yake kallo.

Ƙofar Nassarawa

Nan motar ta mutu, kamar yadda ta saba. Na ajiye gwangwanin na fita turi, masu babura suna ta yi mini sannu ta tsokana. Ta gilashin baya na hango Baffa, ba tabarau, ya kai wani farin abu baki. Ban san lokacin da na saki motar ba.

"Wannan alewar ta kwana biyu," in ji shi, "kuma an yi rowar sukari."

Na karɓe, na faɗa masa gaskiya duka. Wallahi na ji tausayinsa. Na koma turi, motar ta tashi, muka isa.

Ɗakin gwaji

Malamar da ta karɓa ta juya kakin a haske, ta ce haƙorin a gefe ya tsaya, bai taɓa naman ba. Ta tambaya ko akwai ɓeraye a gidanmu. Baffa ya ƙura wa silin ido. Ta ce mu saurari waya, sannan ta ɗauki alewa biyu.

Gida

Bayan azahar muka dawo Koki, Baffa ya ƙi sauke ni a bakin titi, ya biyo ni ciki. Goggo na ganin jan idonsa ta harare ni, na ba ta labari.

"Yaya, tun muna yara kake cinye mini rabo," ta ce, "yau kuma ni ka so cinyewa?"

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce daga yau shi zai riƙa kai ta asibiti. Ta ce ta yarda, in dai ba ita za ta tura motar ba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, ya kuma yi Baffa da giɓin da naman ya tsira a cikinsa.