Ƙwallon da ya riga ni dawowa Kwarbai

Jiya 'yata Hauwa tana kakkaɓe akwatina ta zaro wani farin ƙwallo. Ta ce, "Baba, dama ka taɓa buga golf?"

Na ce, "Ni da firamare ma da ƙyar muka rabu? Jakar sanduna dai na ɗauka."

A shekarun tamanin ina direban wani Alhaji, ya tafi da ni hutu Masar. Da safe golf, da yamma kallon dalar Fir'auna da tsofaffin masallatai. Baffana yana kwance ba lafiya a unguwarmu Kwarbai, na sulale ban yi masa sallama ba. Da wane baki zan ce zan bar ƙasa don bin ƙwallo?

Ranar Talata da hantsi Alhaji ya doka ƙwallo cikin dabinai, na shiga nema. Sai na ji murya a bayana, da Hausar gida: "Ɗanlami, ko sallama babu?"

Na waiga, ba kowa. Ƙwallon ma ban gan shi ba.

Da muka dawo daga Masar, na tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida. Inna ta ce ranar Talata da hantsi Baffa ya cika. Sannan ta miƙo min ƙwallon, da jar alamar da na yi masa da hannuna.

Ta ce, "Masu wanka ne suka ɓamɓare shi daga hannunsa. Naka ne?"

Tun ranar, ko Sabon Gari zan je sai na bi ɗaki-ɗaki na yi sallama, yara suna min dariya.

Ku da kuka yi karatu, ta wace hanya ƙwallon nan ya biyo?