Ƙwarya bakwai a bayan geza

Mutanen garinmu suna cewa ina da ido, kuma ba yabo suke nufi ba. In na biyo hanyar tabki, matan da ke wanki sai su ja kwanoninsu nesa da ruwa tun ban ƙaraso ba, makiyaya su kore awaki daga mashayar mutane. Ban musa ba. Amma idon nan ba da shi anka haife ni ba. Gadonsa na yi wurin kakata, uwar babana, kuma sai da na tsufa na gane rabin gadon kawai na ɗauka.

Garinmu yana gindin dutse, tsakanin Buza da Keita. Ruwan da ya sauka kan fako ba ya tsayawa, ƙorama ce ke kwaso shi da gudu ta zuba a tabkin da ke bayan gari, ta gabas take shiga. Tare da ruwan tana kawo yashi da laka, kowace damina cikin tabkin yana ƙara cikewa. Shi ya sa tun kakanni ake yasa. Ƙarshen ɗari, in rabin tabkin na gabas ya bushe ya tsattsage, sai a yi shela. Maza su sari laka da dagi, mata da ƴan mata su kwashe a ƙwarya. Doka guda ce: ba a zubar da laka a gabas. Sai an zagaya da ita har yamma, bayan babban gawo, a ɗora kan tudun da ke tare ruwa, ko a kai gida a yaɓe rumbu.

Da gawon nan muke auna shekara. In ruwan tabki ya kai mu har gawo ya fara zubar da ganye, to damina ta iso, mun tsira. In ya ƙafe kafin nan, sai rijiyar kwari, wadda in mace ta fita da asuba ba ta dawowa sai rana ta take tsaka, da tulu ɗaya tal.

Shekarar da nake faɗi, haƙoran gabana ba su daɗe da sake fitowa ba, innata kuwa tana da tsohon ciki. Kowa a gidan ya san in tabki ya ƙafe da wuri, da ɗanyen goyo za ta riƙa bin hanyar kwari. Laka ta fi ƙarfinta, sai anka ba ni ƙwaryarta da gammonta, na tsaya a madadinta.

Wurin da anka yanka wa gidanmu yana can kusa da bakin ƙorama, ya fi na kowa nisa da gawo. Na kai ƙwarya uku, wuyana ya yi kamar zai shige cikin kafaɗuna. A ta huɗu sai na hangi wata geza, guntun icce mai duhun ganye, a bakin ƙoramar, taku goma daga inda nake. Na duba dama, na duba hagu, na zagaya bayanta na kife. Na tsuguna ina wasa da tsakuwa gwargwadon tafiyar gawo, kana na dawo ina hakin ƙarya. Bakwai na zubar a wurin kafin a tashi. Har wata gwaggona ta ce, "Ku dubi ɗiyar ga, ƙafa gare ta awa barewa!" Na ji daɗi.

Kaka ba ta aikin yasa. Kurkunu ya kama ta tun tana budurwa, ya bar mata ƙafar hagu a sandare, jan ta take yi. Ranar yasa zama take yi kan tudu tana tsaron tulun masu aiki, tana kallo. Ran nan ba ta dawo gida ba sai da magariba ta wuce. Ta ce akuyarta ce ta ɓace mata.

Da munka ci tuwo ta sa anka hura mata kara a ƙofar ɗakinta, kamar kullum. Mu jikokinta munka kewaye wutar, gaba ya yi ɗumi, baya yana shan sanyi. Har yanzu in na shaƙi hayaƙin karan gero, ɗakin nan nake gani, da ƙwaryar audugarta, da mazarinta yana juyawa a kan fata. Sunan uwarta anka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba.

"Uwata," ta ce, "matso nan kusa gare ni. Yau kin yi aiki."

Na matsa ina hura hanci.

In za ta yi mana gatana, wato tatsuniya, ba ta buɗe ta yadda kowa ke buɗewa. Cewa take yi, "Ga baƙuwa tsaye bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, a ba ta tabarma."

Wai a wani gari can arewa akwai tabki, a cikinsa akwai gaiwa, kifin nan da in ruwa ya ƙafe yake shigewa laka ya yi barci har wata damina. Gaiwar nan ta girmi garin. Duk shekara in ruwan farko ya faɗi ta ji shi, sai ta farka ta yi juyi, juyin nan nata shi ke buɗe cikin tabki ya riƙe ruwa. Abu ɗaya ta roƙi mutanen garin. Kaka ta kan maƙe murya a nan, ta yi ta kamar ta tsohuwar da ba ta gama farkawa ba: "Ƙorama na lulluɓa mini mayafi duk damina. In rani ya yi ku rage mini shi, kar shi yi nauyi in kasa jin ruwa." Sunka riƙa ragewa, shekara da shekaru, ba su san ƙishirwa ba.

Sai wata shekara, wata yarinya mai wayo. Nan Kaka ta tsaya tana ɗaura zaren da ya tsinke, ta daɗe tana ɗaurawa. Yarinyar ta ga hanya ta yi mata nisa, ta kife lakarta a bakin ƙorama. Ba wanda ya gan ta sai ƙadangare a kan dutse, shi kuwa ba ya magana, kai kawai yake gyaɗawa. Ruwan farko ya zo, ƙorama ta tarar da laka a ƙofarta, ta ce, "Af, an aje mini kayana?" Ta kwashe ta mayar kan gaiwa. Gaiwa ta jiyo ruwa can nesa-nesa, ta ce wannan na wani gari ne, ta koma barci. Shekara ta zagayo, wasu yara sunka ga wurin, su ma sunka zuba. Tabki ya koma kamar faifai, ruwa ya shiga yau, wata guda ya tafi. Mata sunka yi ta bin hanyar rijiya mai nisa, har masu ciki sunka riƙa haihuwa a hanya. A ƙarshe gari ya watse.

Hajo, ɗiyar baffana, ba ta barin gatana ta wuce ba tambaya. "Kaka, gaiwar ta mutu?"

"Gaiwa ba ta saurin mutuwa. Tana nan ƙasa har yau, tana jiran mai rage mata mayafi."

"To yarinyar, an buge ta?"

"Wa za shi bugunta? Ba wanda ya sani. Ƙadangare kuwa ba shi kai ƙara."

"Mi sunanta?"

"Ke Hajo, kin cika tambaya awa alƙali. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Ku tashi ku kwanta."

Duk wannan maganar, ta aje mazari, hannunta yana kan wuyana tana matsa mini inda ƙwarya ta ci. Ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Na kwanta kusa da innata ina jin nishinta in za ta juya.

Gari bai gama wayewa ba na ɗauki ƙwarya na nufi geza. Na tarar da tsibi ɗaya, mafi girma. Shidan nan babu su, har wurin an share. A kan yashi kuwa ga sawu: ƙafa ɗaya cikakkiya, kusa da ita wata doguwar ja kamar an ja icce. Sawun ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, ya yi hanya har yamma. Sai na tuna akuyar da ta ɓace.

Na ɗauki na bakwai. Da na isa gawo na tarar da Kaka zaune a gindinsa da carbi, ta miƙe ƙafar nan da ta kumbura.

"Uwata, kin iso? Na rage miki guda, kar a ce tsohuwa ta cinye gayya ita kaɗai."

Na fashe da kuka.

"Kukan mi? Hawaye ba shi cika tabki. Ɗora nan sama, ki daddanna da ƙafa."

Har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma ba ta sake tayar mini da maganar ba. Shekarar nan ruwa ya kai mu har gawo ya zubar da ganye. Da ruwan tabkin innata ta yi wankan jego.

Abin da na ɗauka daga gatanar nan shi ne, komai ka yi akwai mai ganin ka. Sai na zama mai gani. Na yi aure a garin, na haihu, na aurar. Zamanin da aikin porje, na raya karkara, ya zo ƙasarmu na ɗauki duwatsu a kaina tare da sauran mata, munka jera a fako don su rage wa ruwa gudu. Wata shekara kuma anka kawo katafila, ta yashe tabkin cikin ƴan kwanaki. Alheri ne, ban raina ba. Amma tun daga nan in anka ce yasa, sai a ce a jira katafila. Anka yi ta jira. Ƙorama kuwa ba ta jiran kowa. Bakinta ya zama juji, toka da leda da tsummoki, ruwan farko ya kwashe ya kai wa tabki. Shekara uku a jere ruwa ya ƙafe gawo yana kore shar, mata sunka koma hanyar kwari da jarkoki a kan jakai, wadda ba ta da jaki a kanta.

Na yi faɗa. Allah ya sani na yi faɗa. Na kama sunan mutane a bainar jama'a, na bi wasu har gida. Abin da na samu, in sun hango ni su ɓoye kwandon shara, in na wuce su zuba.

Bara, ƙarshen ɗari, ina dawowa daga neman icce na hangi Rabi, matar jikana, tana kife shara a bayan geza. Ba gezar da ba ce, jikarta ce, amma wurin shi ne. Rabi tana da ciki wata shida. Ta ɗago ta gan ni tsaye kan dutse, kwandon ya suɓuce mata. Bakina cike yake da magana. Sai na ga yadda take kallona, kuma na ga inda nake tsaye. Shekara da shekaru ƙadangare nake yi, ƙadangare mai kai ƙara. Kaka kuwa sai da ta ɗauki shida a kan ƙafa ɗaya kafin ta buɗe baki, da ta buɗe ma ba ta kama suna ba.

Na ce, "Amarya, sannu da aiki." Na wuce.

Da yamma na fito da ƙwarya. Na kwashe sharar na kai bayan gari na ƙone. Washegari na shiga cikin tabkin da guntun dagi. Gwiwata ta hagu ta daɗe da ƙin lanƙwasuwa, ƙwarya huɗu nake kaiwa rana ta yi zafi. Kwana huɗu ni kaɗai. Na ji masu zaman bakin masallaci suna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Na ci gaba da kwasar lakata.

A kwana na biyar, na ɗora ƙwarya ke nan, sai na ji an ɗauke ta daga kaina. Rabi ce, da gammonta a hannu.

"Kaka," ta ce, ba ta dube ni ba, "ina ake zubawa?"

Shekara biyu tana gidanmu, daga wani gari anka kawo ta. Na yi mata faɗa ba adadi a kan tabkin nan, ban taɓa nuna mata inda ake zubawa ba.

Na ce, "Rage rabi, ba ke kaɗai ba ce a jikinki. Biyo ni."

Kafin mako ya zagayo mata sun kai goma, maza kuma kunya ta fito da su da dagi. Ba mu yi aikin katafila ba. Ruwa bai kai mu damina ba, amma sai da ganyen gawo ya fara faɗuwa ɗaya-ɗaya kana ya ƙafe, kuma kwanakin bin rijiyar kwari da sunka rage ni na hana Rabi zuwa, ba wanda ya musa mini.

A kwana na biyar ɗin nan dai, da munka zuba lakar kan tudu na nuna mata yadda ake daddannawa, sai na juya na dubi hanyar da munka biyo. Ga sawunta, ƙanana, biyu-biyu. Ga nawa a gaba: ƙafa ɗaya cikakkiya, kusa da ita doguwar ja.

Na daɗe ina kallo. Rabi ta ce, "Kaka, lafiya?"

Na ce, "Lafiya. In kin gama tuwo yau, ki hura mini kara a ƙofar ɗaki."